Garin da Doki Ke Biyan Haya

Newmarket ƙaramin gari ne a gundumar Suffolk ta gabashin Ingila. Daga Landan ana shiga jirgin ƙasa zuwa Kambirij, a sauya wani, tafiyar ba ta da nisa. Garin dawaki ne gaba da baya. Dawakin tsere kimanin 3,000 ake horarwa a cikinsa, kuma tun zamanin Sarki Charles na Biyu, a ƙarni na 17, sukuwa ta yi gida a wurin. Da sassafe dawakin ke fitowa daga barga jere da jere, su bi hanyoyin da aka keɓe musu a tsakiyar gari zuwa tudun Warren Hill. Motoci tsayawa suke cak sai sun wuce. A wasu mararrabar ma an maƙala maɓallin fitilar tsallaka titi can sama, daidai hannun mahayi, don kada ya sauka daga kan sirdi. Duk wannan ya burge ni, amma abin da ya fi kama hankalina takardar lissafi ce, wadda ake aika wa mai doki ƙarshen kowane wata.

Yawancin masu doki a Ingila ba su da filin ɗaure shi. Malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar jinya, ko direban babbar mota, gidansu bai wuce ɗakuna biyu da ɗan tsakar gida ba. Sai su kama wa dokin haya a bargar wani, kuma hayar hawa-hawa ce. Mafi araha ita ce a saki doki a makiyaya mai shinge, ya kwana ya tashi a waje. Sama da ita akwai wadda mai barga zai ba ka ɗaki da makiyaya da ruwa kawai, sauran aikin naka ne: kai za ka zo da asuba ka kwashe kashi, ka sauya shimfiɗa, ka ba da abinci, ka dawo da yamma. Irin wannan takan kama daga wajen fam 150 zuwa 300 a wata, gwargwadon yanki. Idan kuwa mutum ya ce a ɗauke masa komai, shi dai ya zo ya hau, to lissafin yakan fara daga wajen fam 600, ya haura 1,000 a manyan barguna da kewayen Landan.

A wata barga da ke ƙauyen gefen garin na ga yadda kuɗin ke narkewa. Matar da ke riƙe da ita ta zaga da ni, hannunta duk kanta. A ƙofar kowane ɗaki akwai allo ɗauke da sunan doki, da awon abincinsa na safe da na yamma, da lambar likitansa. Ba a zuba ingirici da ka. Cusa shi ake yi a raga, a rataya a ma'auni, a duba. Wani tsohon akawal mai tari, nasa ingiricin sai an jiƙa shi a ruwa tukun don ƙura ta kwanta. Ƙasan ɗakin roba ce mai kauri, an baza ɓarzajen katako a kai, kuma kullum sai an tsince wanda ya jiƙe. Lokacin sanyi kowane doki yana da barguna na sawa, na cikin ɗaki daban, na fita ruwan sama daban, mutum ne zai cire wannan ya sa wancan safe da yamma. Da na ga haka sai na fahimci kuɗin hayar, yawancinsa ladan mutane ne. Abinci yana da nasa kaso, amma hannun da ke tashi cikin duhun hunturu, ranar aiki da ranar hutu, shi ake biya.

Kuma hayar ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Mai gyaran kofato yana zuwa kusan duk bayan mako shida, da motarsa mai ɗauke da maƙera da uwar maƙera a baya, ya cire tsohon takalmi, ya datse kofato, ya gasa sabon ƙarfe ya daidaita shi. Ba kowa ke taɓa wannan aiki ba, domin dokar 1975 ta hana wanda ba shi da rajista sa wa doki takalmi a Birtaniya, kuma kafin a sami rajistar sai an yi shekaru ana koyo ƙarƙashin gwani. Ga allurar mura da ta sandarewar wuya, ga maganin tsutsa, ga mai goge haƙora, ga inshora. Kowane doki dole ya mallaki fasfo nasa, kuma tun Oktoba 2020 doka ta wajabta a dasa wa kowanne ɗan guntun na'urar shaida a wuya a Ingila. Mu da muka tashi muna ganin Shamaki da 'yan barga suna hidimar dawakin fada mun san doki bai taɓa zama dabbar araha ba. Abin da na yaba a can shi ne kowace buƙatarsa an rubuta ta, an sa mata farashi, an ɗora ta a wuyan wani da za a tambaya in ta ɓaci.

Dawakin tsere kuwa wata duniya ce. Nasu lissafin na kwana ne, fam 60 ko fiye a kullum a hannun mai horarwa, wato abin ya doshi 2,000 a wata kafin a zo kan likita da mota da ladan mahayi. Akwai kuma kuɗin wata-wata da ake biya kan kowane doki don amfani da filayen sukuwa, eka kusan 2,500 da ƙungiyar Jockey Club ke kula da su. Wannan kuɗi ake gani a ciyawar Warren Hill, wadda ma'aikata ke bi suna mayar da duk inda kofato ya tone. Har ƙarfe 1 na rana filayen na dawaki ne, sai bayan nan jama'a ke shiga yawo. A nan Henry Cecil ya horar da Frankel, dokin da ya yi tsere 14 ba a taɓa wuce shi ba. A nan kamfanin Godolphin na Shehu Muhammad na Dubai ke da barguna, kuma a nan Tattersalls, kamfanin da aka kafa a 1766, ke gwanjon dawaki.

Amma ba attajiran suka fi taɓa zuciyata ba. Masu ƙaramin ƙarfi sun samo dabarun riƙe doki ba tare da sun tozarta shi ba. Wata takan ba ƙawarta kwana biyu ko uku a mako ta hau, ita kuma ta kawo wani kaso na haya. Wasu na yi wa juna karo-karon aiki, wannan ta ciyar da dawaki biyu da safe, waccan ta shigar da su da yamma. Akwai kuma gonakin da sana'arsu kenan, karɓar dawakin da suka tsufa ko suka gurgunce. Doki yakan kai shekara 25 zuwa 30, saboda haka za ka iske mutum yana biyan haya wata bayan wata, shekara da shekaru, kan dabbar da ba zai sake ɗora wa sirdi ba, har da kuɗin datse kofato da na likita.