Gobarau Ba Fara Ba Ce

Kalandar da aka raba mana bana a Tsiga tana ɗauke da zanen Hasumiyar Gobarau. An shafe ta fari fat, sama shuɗiya babu ko ɗigon hazo, gindinta ciyawa kore shar kamar filin ƙwallo. Jikokina suka ce ta yi kyau. Ni kuwa raina ne ya ɓaci.

Gobarau ginin ƙasa ce, mai tsawon wajen ƙafa 50, kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Korau ake ambatonta a Katsina. Launinta na bin lokaci. Da hunturu, in ƙura ta lulluɓe birni, sai ta yi fari-fari, ta yi nisa ko kana tsaye kusa da ita. Bayan ruwan farko ta yi duhu, ta yi nauyi. Da la'asar sakaliya kuwa gefe guda ya yi ja jawur, ɗaya gefen inuwa ta cinye shi. Wanda bai tsaya ya ga wannan ba, me zai zana?

Lokacin da auduga ke da daraja, akwai wani mai zanen motoci a Funtua, bai taɓa shiga aji ba. Ya zana Gobarau a bayan wata babbar mota. Ja ya kwaɓa da ɗan baƙi, ya bar sama ruwan toka, ya sa shirwa biyu suna shawagi. Bakatsinen da ke ci-rani in ya hango motar, sai kewar gida ta taso masa.

Mu ne muka fara jin kunyar ginin ƙasa, yara gado suka yi. Bayan an ba mu jihar Katsina a 1987, kowa ya samu kuɗin masara sai ya rushe soro ya kafa bulo da kwano, magina suka tsufa babu mai ɗaukar musu tubali. Wannan shi ke ci mini rai har yau. Ko da yake, a faɗi gaskiya, daminarmu ta kudu ba ta wasa, kuma wanda katanga ta taɓa faɗo wa 'ya'yansa a watan Agusta ba zan hana shi siminti ba. Ni ma a ɗakin bulo nake kwana.

Amma a ce duk unguwa ba saurayi ɗaya da ya iya jiƙa makuba ya yi yaɓe! Ɗorawar da ake samun makubar ma ana ta sare ta ana gawayi.