Abin da rariya take riƙewa

Mai sha'awar rediyo, irin waɗanda lambar kiransu take farawa da 5U a Nijar, yakan raba dare yana farautar murya guda a cikin hayaniya. Makaminsa shi ne matatar da ke cikin akwatin karɓa, wadda take aiki kamar rariya: wani sashe na sauti ya wuce, saura a tare shi. Ta magana takan kai faɗin hertz 2400, ta saƙon Morse kuwa 500 ko 250.

Duk sa'ad da aka rage faɗin da rabi, hayaniya takan ragu da desibel 3, wato rabin ƙarfinta. Sai dai matata ba ta aiki kyauta. Tana cinye wani kaso na siginar da ake nema, kuma matsattsiya ta fi ci. Idan an riga an ƙarfafa siginar kafin ta iso matata, asarar ba ta da yawa, domin sigina da hayaniya tare suke raguwa. Idan kuwa matatar tana kusa da ƙofar shiga, raunanniyar murya sai ta nutse a cikin shuwar akwatin kansa.

A nan ne masanin harshe yake da abin cewa. Hanyar magana takan tashi daga wajen hertz 300 zuwa 2700, alhali yawancin ƙarfin zuzau /s/ yana sama da 4000. Saboda haka “sara” da “fara” sukan rikice wa mai sauraro, in ya matse matatar zuwa 1800 kuma abin ya ƙara muni. Karin sauti kuwa yakan tsira. Kaɗawar tantanin maƙwallato, wajen 120 ga namiji da 200 ga mace, tana ƙasa da iyakar matatar, amma kunne yana gano ta daga ninke-ninkenta da suka wuce. Shi ya sa “fara” ta soma aiki da “fara” mai cin gero ba sa cakuɗewa.

Gwanin mai sauraro ba ya matse matata sai maƙwabciyar tasha ta dame shi, kuma da zarar ta yi shiru sai ya buɗe. Ya san cewa a saƙon neman agaji, baƙi ɗaya na iya sauya sunan gari.