Sanyin Ofishin Hakimi

Ofishin da na fara sani a duniya na ƙasa ne. Mahaifina magatakarda ne a ofishin hakimin garinmu a ƙarshen zamanin En'e, ni kuma nake kai masa fura idan an taso daga makarantar allo. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da rairayi ke ƙona tafin ƙafa, kana sa kai cikin soron sanyi zai tare ka. Babu fanka, balle na'urar sanyaya ɗaki. Kaurin bango ne kawai, tubali a kan tubali, sai rufin azara mai daurin guga da ya yi sama sosai, da 'yan tagogi can kusa da rufin inda iska mai zafi ke ficewa. Bangon yakan shanye zafin rana ya riƙe, ba ya sakinsa sai dare, bayan kowa ya tashi daga aiki.

Zauren ne ya fi zama mini a rai. Talaka idan ya zo biyan haraji ko kawo ƙara, ya san inda zai tuɓe takalmi, ya san inda zai zauna, domin tsarin gidansu ne aka faɗaɗa. Ga randa a kusurwa da moɗa a bakinta. Kafin damina magina sukan zo su sake yaɓe, su shafa makuba, su gyara indararo, Baba kuma ya ajiye alƙalami ya fito ya gaida babbansu, "Sannu da aiki, Gwani."

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka gina mana sakatariya ta bulo da kwano mai tagogin gilashi. Ranar da babu wuta, ma'aikata sukan kwashi takardu su koma gindin dalbejiya. Tsohon ofishin kuwa, da aka daina yaɓe shi, damina ta cinye shi.

Ba cewa nake yi a koma zamanin aci-balbal ba. Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ginin ƙasa ne, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar tana aiki a harabarsa. A Dandaji ta Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin, aka gama a 2018. Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya zana majalisar dokokin Benin a kan siffar bishiyar da dattawa ke taruwa a gindinta.

Mu kuwa sai a manna dagi a ƙofar shiga, a ɗora zankon siminti a kan ginin gilashi, a ce an girmama al'ada. Wannan ado ne kurum, zafin yana nan, kuɗin man janareta ma yana nan.

Roƙona ga gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne, duk ofishin da za a gina nan gaba, a zaunar da Sarkin Magina tare da masu zane tun kafin a ja layin farko. A sa sola da intanet, amma bango da rufi da zaure a bar wa waɗanda suka san ranar ƙasar nan. A hanzarta, domin waɗanda suka iya daurin guga tsufa suke yi, 'ya'yansu kuma sun koma ɗora bulo.