Alƙalamin Kawu da Daren da Ban Jira Ba

Kwanakin baya ina kakkaɓe akwatin takarduna sai na ci karo da wani tsohon alƙalami samfurin Hero, ƙirar ƙasar Sin, irin mai shan tawada daga kwalba. Na kawuna ne, Allah Ya jiƙansa. Ganinsa ya tuna mini da wani kuskure da na tafka ina yaro, wanda nake ganin ya kamata 'yan'uwana marubuta su ji, musamman masu tasowa.

Kawu shi ne mai rubuta wa jama'a takarda a unguwarmu a Kamarawa, cikin ƙasar Isa. Mai ɗa a Ikko, da mai bin bashi a Sabon Birni, da masu cinikin gona, duk wurinsa suke zuwa. A lokacin biro ya riga ya cika gari, amma shi bai yarda da shi ba. Tawadar Quink yake sayowa idan ya ci kasuwar Shinkafi. Ba ya kuma barin tawadar allo ta kusanci wannan alƙalami, domin ƙaron da ake sa mata yakan daskare ya toshe hanyar da tawada ke bi zuwa baki.

Duk ƙarshen wata sai ya wanke shi da ruwan randa wanda ya kwanta. Ya matsa robar ciki ta zuƙi ruwa, ya sake matsawa ta fitar, har sai ruwan ya fito garau. Daga nan sai ya naɗe bakin da tsumma mai laushi, ya kafa shi cikin kofi baki na kallon ƙasa, ya bar shi ya kwana. Ba ya shanya shi a rana, ba ya kai shi kusa da wuta, saboda zafi na kashe roba. Dalilin kwanan kuwa shi ne, a ƙarƙashin bakin akwai wasu 'yan tsage-tsage kamar haƙoran matsefi, inda ruwa ke maƙalewa. Tsumman ne ke tsotse shi sannu a hankali.

To, cikin hunturun 1986, ina gida hutun makaranta, Kawu ya wanke alƙalaminsa da hantsi ya tafi Isa ta'aziyya. Bayan azahar sai ga wasu dattawa biyu, aminan juna, ɗaya zai jinginar wa ɗaya gonarsa ta fadama. Ni kuwa ɗan sakandare, ina ɗokin a ce na iya. Na zare alƙalami daga kofi, na cika shi da tawada, na hau rubutu. Layi uku na farko suka fito fari-fari kamar ruwan shuni, sannan rubutun ya kankama. Na ce a raina ai ana iya karantawa. Suka dangwala hannu, suka yi mini godiya, suka tafi.

Da Kawu ya dawo ya ga kofi wayam, na ba shi labari. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, gaggawar me kake yi? Gobe ka je ka karɓo takardar nan a sake ta." Na ce, "To, Kawu." Gobe ta zama jibi, hutu ya ƙare, na koma makaranta.

Shekara ashirin da huɗu bayan haka, cikin daminar 2010 da ambaliya ta yi ɓarna a jihar Sakkwato, danshi ya shiga akwatin da takardar ke ciki. A lokacin dattawan biyu sun rasu, Kawu ma haka. 'Ya'yan mai gona suka zo fansa, 'ya'yan ɗayan suka ce ai saye ubansu ya yi. Aka ɗauko takarda. Iyakokin gona suna nan, sunayen shaidu suna nan, ko da yake sun dusashe. Amma layi ukun nan na sama, inda kalmar jingina da adadin kuɗi suke, sun ɓace sarai.

Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka halarci zaman, don haka aka kira ni gaban manya. Na shaida cewa jingina ce, amma adadin kuɗin ya kwanta mini. An yi sulhu, gona ta koma ga masu ita, sai dai gidajen nan biyu da a da suke cin tuwo tare sun daɗe ba sa ga-maciji. Har yau akwai mai ganin son kai na yi. Duk saboda dare ɗaya da na kasa jira.

'Yan'uwa, jiran nan ma wani ɓangare ne na rubutu. Da yawanmu mukan gama labari da dare, da safe mun kai maɗaba'a ko mun watsa shi ta waya, kan bai huce ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Abin da ka rubuta zai yi magana ranar da ba ka nan, kuma ba ka san layin da za a nema ba.

Wannan takarda da biro na rubuta ta. Alƙalamin Kawu, da yake robarsa ba ta mutu ba, na wanke shi ɗazu da la'asar. Ga shi can cikin kofi, baki na kallon ƙasa. Sai gobe, in Allah Ya kai mu.