Lokacin Wane ne? Tsokaci a Kan Agogon Haske

Sau da yawa Bahaushe ba ya barin kalmar "lokaci" ta tsaya ita kaɗai. Yakan jingina ta ga wani abu, ya ce lokacin shuka, lokacin azahar, ko kuma lokacinsa ya yi. A wajen manazarcin nahawu, wannan aikin mahaɗin nan ne na "-n" da ke ƙulla suna da mai shi. A shekarar 1905 kuwa, Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire da ke birnin Bern na Suwizalan, ya nuna cewa a kimiyya ma awon lokaci ba ya cika sai an faɗi na wane ne.

Ginshiƙan ra'in nasa biyu ne. Na farko, dokokin halitta ba su bambanta tsakanin wanda ke tsaye da wanda ke tafiya a miƙe da gudu marar sauyawa. Na biyu, gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, daidai yake ga kowane mai awo, ko ya nufi hasken ko ya ba shi baya. Kowane mai awo yana da matsayarsa, wato wurin da yake ɗaukar kansa a tsaye, yake auna motsin sauran abubuwa daga nan. Fasinjan jirgin ƙasa matsayarsa tarago ce. Mai rakiya matsayarsa tasha ce.

Misalin da malaman fannin suka fi kawowa shi ne agogon haske: madubi a ƙasan tarago, wani a rufinta, ƙyallin haske na kai da komo a tsakaninsu, kowace komowa bugu ɗaya. Fasinja na ganin hasken yana hawa da sauka a miƙe. Mai rakiya kuwa, saboda jirgin ya gusa kafin hasken ya taɓa rufi, yana ganinsa yana tafiya a karkace, hanyar da ta fi tsawo. Da tsakuwa ce, sai a ce gudun jirgi ya ƙaru a kan nata, magana ta ƙare. Amma haske ba ya karɓar ƙari. Doguwar hanya da gudu iri ɗaya ba su haifar da komai sai ƙarin lokaci. Ke nan a awon mai rakiya, agogon tarago yana jinkiri.

Lissafin bai wuce na alwatika mai ɓangarori 3 da 4 da 5 ba. Idan jirgin na gudun kashi 3 cikin 5 na gudun haske, duk sakan 4 na agogon tarago daidai yake da sakan 5 na tasha. Jinkirin kuma bai tsaya ga madubai ba. Bugun zuciyar fasinja da tsufansa duk sun bi sahu, domin da sun saɓa da agogon, da ya gane cewa tafiya yake yi, abin da ginshiƙi na farko ya kore.

Inda hankali ke turjewa shi ne, fasinja ma yana da damar cewa shi ke tsaye, tasha ce ke gudu baya, don haka agogonta ne mai jinkiri. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Abin da ya warware kullin shi ne ba su yi tarayya a kalmar "yanzu" ba: abubuwa biyu masu nisa da juna da ɗaya ya ce sun faru tare, ɗayan zai ce wani ya riga wani.

Halitta ta ba da shaida. Akwai ƙananan ƙwayoyi da ake kira muwon, waɗanda ke samuwa a sararin sama fiye da kilomita 10 daga doron ƙasa. Matsakaicin rayuwarsu kashi 2.2 ne cikin miliyan na sakan, wanda ko da gudun haske bai isa tafiyar da ta wuce kimanin mita 660 ba, amma ga su suna isowa ƙasa da yawa. A matsayar ƙasa, agogonsu ne ya yi jinkiri. A tasu matsayar, tazarar ce ta taƙaita. Bruno Rossi da David Hall sun auna wannan a Amurka, suka wallafa a 1941.

A nan akwai nauyi a wuyan masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa. Wanda ya rubuta "lokaci yana jinkiri" ya yi shiru, ya koyar da kuskure, domin mai karatu zai zaci fasinja na jin rana ta ƙi faɗuwa, alhali sakan ɗinsa sakan ne cikakke. Jimlar ba ta zama gaskiya sai an faɗi lokacin wane, a awon wane. Hausa ta riga ta tanadi mahaɗin da ke wannan aiki. Abin da ya rage shi ne kada marubuci ya yar da shi don neman taƙaitawa.