Masu zanen Jos, mu fita waje mana

A ƙasashen Turai, da zarar zafi ya shigo sai masu zane su haɗa kayansu su tafi bakin teku, su yi mako guda suna zana abin da ke gabansu. Al'adar ta kankama ne bayan 1841, lokacin da aka fara zuba fenti cikin ɗan bututun da ake matsawa, mai zane ya samu damar sa shi a jaka ya bar ɗaki. Haka Claude Monet ya riƙa zama a gaɓar Normandi ta Faransa yana zana duwatsun Étretat safe da yamma, don hasken kowane lokaci daban yake.

Mu a Jos ba mu da teku. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin duwatsun Shere a ƙarshen damina ya san ba a bar mu a baya ba. Hazo yakan kwanta a kan dutsen da sassafe, kafin hantsi ya yaye, sai ka ga dutsen da yake baƙi ɗazu ya koma ruwan toka, ciyawar da ke tsagoginsa shar da ita. Ga dutsen Riyom da duwatsunsa suka hau kan juna, ga ruwan Assop a hanyar Abuja, ga gonakin acca da dankalin Turawa da aka kewaye da shingen ƙyarana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kududdufan kuza. Daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, ramukan da kamfanonin haƙar kuza suka bari sun cika da ruwa, wani kore, wani shuɗi, ga tulin jar ƙasa a gefe. Suna da kyau ƙwarai, kuma sun ci rayukan yara da dabbobi. Kakannin da yawa daga cikinmu kan kuzar nan suka zo Jos, da kwano a ka. Mai ɗaukar hoto da waya zai ɗauka ya wuce, amma wanda ya zauna wuni guda yana haɗa launin ruwan nan dole ya tambayi yadda aka yi ramin ya samu. A wajen haƙar kuza ne ma aka tono gumakan Nok, waɗanda suka sa Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Haɗuwar masu zane wuri guda su yi aiki tare ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, yana tara masu fasaha a Agbarha-Otor ta jihar Delta tun 1998.

Tun rikicin Jos na 2001 unguwanninmu suka rabu, akwai matashin da bai taɓa taka wasu sassan garin da aka haife shi ba. Ina ganin zama gefe da gefe a gaban dutse ɗaya, ana aron buroshi ana cin abinci tare, zai yi mana amfani sosai.

Ba sai an jira gwamnati ba. Mota ɗaya, takarda, fenti, da izinin mai unguwar wurin sun isa. Watan Oktoba ya fi dacewa, ruwa ya ja baya, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Malaman zane da ɗalibai, wanda ke da niyya ya yi magana mu sa rana.