Kafin Ki Sake Sayen Data

Yau maganata a kan 'yar na'urar nan ce ta intanet da ake kira waifai, wadda ta shigo gidajenmu har nan Bauranya. Ni malama ce, kukan da na fi ji kuwa daga iyayen ɗalibaina shi ne wai na'urar ta cika nawa. Yarinya ta zauna gwada tambayoyin JAMB, shafi ya ƙi buɗewa, sai a ce data ce ta ƙare, uwa ta kwance bakin zane a sayo wata. Kuɗin nan fa na ƙuli-ƙuli ne da ɗinkin hula. Jarrabawar kuma tun 1978 ake yinta, amma daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, watau wadda ba ta saba ba ita ke shan wuya.

To, ki sani hanya biyu saƙo yake bi. Ta farko daga ƙarfen sabis zuwa na'urar, ta biyu daga na'urar zuwa wayarki. Sai kin gane wadda ta toshe kana ki san magani.

Da fari ki sa layin a waya, ki buga *323#. Tun 2023 lambar duba data ke nan, ko MTN ne, ko Airtel, ko Glo. In da saura, mai da layin, ki tsaya dab da na'urar ki gwada. Idan a nan tana sauri, amma a ƙuryar ɗaki ta ƙi, laifin na cikin gida ne. Katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfinta, haka rufin kwano, haka randar ruwa. Kada ki ɓoye ta cikin akwati ko bayan jeren kwanoni don tsoron yara. Ki rataye ta sama, inda ba abin da ya tare ta. In tana nuna sunaye biyu, ɗaya mai 2.4 ɗaya mai 5, zaɓi 2.4 daga nesa, shi ya fi ratsa bango.

Idan kuwa ko kusa da ita ba sauri, hanyar farko ce. Kai ta bakin taga, ki zaga da ita har layukan sabis su ƙaru. Ki kashe ta minti ɗaya, sa'an nan ki kunna. Ki nisantar da ita daga rana da murhu, zafi yana kasala da ita. Bayan Isha'i kowa yana kan waya, sabis yakan yi nauyi, saboda haka ni bayan Asuba nake sauke darussa.

Saura ɗaya, ita ce mai wuyar faɗa. Mutum nawa ke da lambar sirrinki? Tulu ɗaya ne, in samarin zaure biyar suna kallon bidiyo, me zai rage wa mai karatu? Ki canza lambar, ki riƙe ta kamar mabuɗin rumbu. Wannan ba rowa ba ce, tattali ne.

Lalle ya fi kyau yarinya ta yi karatunta a gaban uwarta, da a ce ta fita neman sabis da dare. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, amin. Wassalam.